Zagayen Tafkin Galili: Wuraren Da Ya Kamata Maziyarci Ya Taka Da Ƙafarsa

Kowace shekara, in hanya tana buɗe, 'yan'uwa da yawa daga ikkilisiyoyinmu sukan tashi zuwa Ƙasa Mai Tsarki. Waɗansu gwamnatin jiharsu ce ke biya musu kujera, waɗansu ikkilisiya ce ke haɗa musu kuɗi, waɗansu kuwa gumin shekaru ne suka tara, har da sayar da hatsi ko saniya. Tun da dokar 2007 ta kafa hukumar da ke kula da ziyarar ibada ta Kirista a Nijeriya, tafiyar ta sami tsari, amma kwanakinta ƙidayayyu ne. Urushalima da Baitalami sukan ɗauki kaso mafi girma, yankin Tafkin Galili kuwa da ƙyar yake samun kwana biyu. A cikin kwana biyun nan sai hawa mota da sauka, a ɗauki hoto a ƙofar coci, a sayi kwalbar ruwa da man zaitun, ja-gora yana ta duban agogo. Mutum ya dawo gida an ƙara masa JP a bayan suna, amma in yara suka tambaye shi yadda tafkin yake da maraice, sai ya rasa abin faɗi.

Kusan kowane ginin da ke bakin tafkin nan an yi shi ne ɗaruruwan shekaru bayan zamanin manzanni, waɗansu ma ba su cika shekara ɗari ba. Abin da ya rage kamar yadda masunta na dā suka san shi yana waje ne: ruwan, da tuddan da suka kewaye shi, da iskar da ke saukowa ta kwaruruka, da kifin da ke ciki. Saboda haka za mu zagaya tafkin tare da masu karatu, mu fara daga yamma, mu bi ta arewa da gabas har mu fita ta kudu, domin wanda zai tafi ya san inda zai roƙi a ƙara masa lokaci, wanda ba zai tafi ba kuma ya sami hoton wurin a zuciyarsa.

Girman tafkin da halinsa

Ko da yake ana ce da shi teku, ruwan daɗi ne, kuma ba shi da girma. Tsawonsa kimanin kilomita 21, faɗinsa kilomita 13 a inda ya fi faɗi, zurfinsa kuwa bai wuce mita 43 ba. Fuskar ruwan kimanin murabba'in kilomita 166 ce, watau kusan daidai da ruwan madatsar Tiga a Jihar Kano. Tafkin Kainji ya ninka shi wajen sau bakwai. Wanda ya tsaya a gaɓar yamma yana ganin gaɓar gabas sarai. A cikin marubutan Bishara, Luka ne yake kiransa tafki, sauran suna cewa teku. Sunayensa sun haɗa da Kinneret, wanda Yahudawa ke amfani da shi har yau, da Janisarata, da Tekun Tibariya, wanda Larabawa suka riƙe.

Abin mamakinsa shi ne inda yake kwance. Yana cikin rami, kimanin mita 210 ƙasa da fuskar teku, babu wani tafkin ruwan daɗi a duniya da ya kai shi gangarawa. Kogin Urdun yana shiga ta arewa, ya fita ta kudu. Wannan ramin ne sanadin hadirin da muke karantawa a Markus sura 4. Da rana iskar da ke cikin ramin takan yi zafi ta tashi sama, sai iska mai sanyi daga Bahar Rum ta kwararo ta kwarurukan yamma ta cike gurbin. Shi ya sa da rani ruwan da ke kwance lumui da safe yakan tashi da la'asar. Da hunturu da bazara kuma wata busasshiyar iska takan sauko daga tuddan Golan a gabas, ita ce ta fi ƙarfi. A watan Maris 1992 ta ta da raƙuman ruwa har suka yi ɓarna a cikin Tibariya.

Tibariya, inda ake kwana

Yawancin maziyarta a Tibariya ake saukar da su, gama nan ne otal-otal suka fi yawa. Hirudus Antibas, wanda ya sa aka fille kan Yahaya Mai Baftisma, shi ya kafa garin wajen shekara ta 20 bayan haihuwar Almasihu, ya sa masa sunan Kaisar Tibariyas. Babu inda Bishara ta ce Yesu ya shiga garin, amma mai karanta Littafi Mai Tsarki yana cin moriyarsa, domin a nan ne malaman Yahudawa, musamman gidan Ben Asher a ƙarni na 10, suka daidaita wasula da alamomin karatu na Ibrananci, waɗanda masu fassara Tsohon Alkawari ke dogara da su. Yahudawa suna lissafta shi cikin biranensu huɗu masu tsarki, kabarin babban malaminsu Musa ɗan Maimun, wanda ya rasu a 1204, yana nan cikin gari.

Kaɗan kudu da garin akwai Hamat Tibariya, inda maɓuɓɓuga 17 ke fitar da ruwan zafi mai kai digiri 60. Wanda ya taɓa wanka a ruwan Wikki na Yankari, mai digiri 31, ya san ba a tsoma hannu a wannan da wasa. A wurin akwai daɓen majami'ar Yahudawa na ƙarni na 4, da aka yi wa ado da ƙananan duwatsu masu launi. A tsakiyar gari kuma akwai tsohon asibitin mishan da likitan Ikkilisiyar Sikotilan, Dauda Torrance, ya buɗe a 1894. Yanzu masaukin baƙi ne, amma har yau na ikkilisiyar ne. Da dare mutanen gari sukan fito hanyar shan iska ta bakin ruwa da iyalansu, fita can ba ta bukatar ko sisi.

Dutsen Arbel da Magadala

'Yan kilomita arewa da Tibariya akwai Dutsen Arbel, wanda bakinsa ya tsaya a miƙe kusan mita 400 bisa fuskar ruwa. In da za a ce mu zaɓi wuri guda da ba ma so a tsallake, wannan ne. Mota tana kaiwa kusa da ƙwanƙoli, daga nan tafiya ce 'yar kaɗan da tsofaffi ma za su iya. Daga sama ana ganin filin Janisarata da gonakinsa, da Magadala a gindin dutse, da gaɓar arewa har Kafarnahum, da tuddan Golan, in sama ta yi garau har Dutsen Harmon. A nan ne mutum yake gane cewa yawancin abubuwan da Matiyu da Markus suka rubuta game da Galili sun faru ne a ɗan yankin da mai ƙafa zai ratsa a yini guda.

A jikin dutsen akwai koguna. Marubucin tarihi Yusufus ya ba da labarin yadda Hirudus Babba, wajen shekara 38 kafin haihuwar Almasihu, ya zura sojoji cikin akwatuna daga sama domin su fitar da masu tawayen da suka ɓuya a ciki. Akwai hanyar sauka ta jikin dutsen, an kafa ƙarafan riƙewa, amma ta matasa ce masu ƙarfin gwiwa, akan kuma rufe ta in an yi ruwa. Daga yamma ana hango Ƙahonin Hattin, inda Salahuddin ya ci rundunar mayaƙan gicciye na Turai ranar 4 ga Yuli 1187, bayan ya tare musu hanyar zuwa ruwa ƙishirwa ta gama da su.

Magadala, garin Maryamu Magadaliya, ya daɗe a binne. A 2009, ana haƙa harsashin masaukin baƙi, sai aka ci karo da majami'ar Yahudawa ta ƙarni na 1, da wani sassaƙaƙƙen dutse mai siffar alkukin Haikali mai rassa bakwai. A 2021 aka sami majami'a ta biyu. Wannan yana cikin wurare ƙalilan da maziyarci zai ga daɓe da wurin zama na ainihin zamanin Bishara. Garin ya yi suna ne da sana'ar sa wa kifi gishiri, ana kuma ganin kufan kasuwarsa. Sabon cocin da aka gina a bakin ruwa yana da zaure mai ginshiƙai ɗauke da sunayen matan da suka bi Yesu, an bar ginshiƙi ɗaya babu suna domin sauran mata masu bi. 'Yan Zumuntar Mata kada su yarda a wuce da su nan da gudu.

Jirgin Ginosar da kifin da muka sani

A watan Janairu 1986 fari ya janye ruwa daga gaɓa. Waɗansu 'yan'uwa biyu masunta, Moshe da Yuval Lufan, suka ga tsofaffin ƙusoshi a cikin laka kusa da ƙauyen Ginosar. Da aka tona sai ga jirgin katako mai tsawon mita 8 da 'yan kai, faɗinsa mita 2.3. Katakon ya yi laushi ƙwarai, sai da aka lulluɓe shi da kumfar roba aka ja shi a kan ruwa, sa'an nan ya yi shekaru a jiƙe cikin wani irin kakin magani kafin a iya nuna shi. Bincike ya nuna na tsakanin ƙarni na 1 kafin haihuwar Almasihu ne da ƙarni na 1 bayanta. Babu wata shaida cewa Yesu ko almajiransa sun shiga shi. Darajarsa ita ce yana nuna irin jirgin da Bitrus da 'ya'yan Zabadi suka yi aiki da shi. An yi masa faci da itatuwa iri iri har fiye da goma, alamar masu shi talakawa ne masu lallaɓa abin hannunsu. Yana ajiye a gidan tarihi na Yigal Allon a Ginosar.

Daga nan, ko daga Tibariya, ake hawa jiragen katako na yawon tafki. Matuƙan sukan ɗaga tutar ƙasar baƙinsu, su sa musu waƙa. Shawararmu ita ce shugaban tafiya ya roƙi a kashe inji da lasifika na ɗan lokaci a tsakiyar ruwa, jama'a su yi shiru su dubi gaɓa.

Kifin da ake soya wa baƙi da sunan kifin Bitrus ba baƙo ba ne a gare mu. Karfasa ce, irinta kuma tana nan a Kogin Kwara da Tafkin Chadi. Takan riƙe ƙwanta a baki har su ƙyanƙyashe. Da taru aka fi kama ta, gama ƙananan tsiron ruwa take ci, ba ta cika bin ƙugiya ba. Tarwaɗa ma tana cikin tafkin, amma Yahudawa ba sa cin ta domin ba ta da ɓawo, bisa ga dokar Littafin Firistoci sura 11. Wanda ya san wannan zai fahimci misalin tarun da ke Matiyu sura 13, inda masunta suka zauna a gaɓa suna ware kifi. Akwai kuma wani ƙaramin kifi mai yawo garke garke, shi ne aka fi sa wa gishiri a Magadala.

Tabga, Tudun Albarka da Kafarnahum

Sunan Tabga ya fito ne daga kalmar Helenanci mai nufin maɓuɓɓuga bakwai. Ruwansu mai ɗumi yana jawo karfasa zuwa gaɓa da hunturu, shi ya sa wurin ya zama matattarar masunta tun dā. Coci biyu ne a nan. Na farko, na tunawa da ciyar da mutum dubu biyar, an gina shi a 1982 bisa harsashin na ƙarni na 5, a gaban bagadinsa akwai tsohon zanen kwando da gurasa da kifi biyu. A watan Yuni 2015 waɗansu Yahudawa masu tsattsauran ra'ayi suka sa wa wani sashensa wuta, aka gyara aka sake buɗewa a 2017. Na biyu ƙaramin coci ne na baƙin dutse da aka gina a 1933, domin tunawa da karin kumallon da ke Yahaya sura 21. Bayansa akwai gaɓa mai tsakuwa inda ake iya cire takalmi a taka ruwa.

A bisa tudun da ke kallon Tabga akwai cocin tunawa da Wa'azin Kan Dutse, mai kusurwa takwas, wanda maginin Italiya Antonio Barluzzi ya kammala a 1938. Matiyu bai faɗi sunan dutsen da aka yi wa'azin ba, al'adar masu ziyara ce ta zaɓi wannan. Lambunsa yana da kyau, amma abin da ya fi shi ne 'yar hanyar ƙafa da ke gangarowa ta cikin gonaki zuwa Tabga. Ba ta kai tafiyar sa'a guda ba. A watannin Fabrairu da Maris tudun yakan cika da ciyawa da furanni ja da rawaya. Mota tana iya sauka ta jira masu ƙafa a ƙasa.

Kafarnahum tana kimanin kilomita 3 gabas da Tabga. Nan Yesu ya zauna bayan ya bar Nazarat, nan kuma Matiyu yake karɓar haraji, gama garin yana kusa da iyakar ƙasar Antibas da ta ɗan'uwansa Filibus. Farar majami'ar da kowa ke ɗaukar hoto a ciki ta ƙarni na 4 ko na 5 ce. A dubi ƙasan bangonta, za a ga jerin baƙaƙen duwatsu, waɗanda masana da yawa ke ɗauka harsashin tsohuwar majami'ar ne. Tun daga 1968 limaman Katolika biyu, Virgilio Corbo da Stanislao Loffreda, suka tona wani gida da Kiristocin farko suka mai da wurin taro, aka kuma gina coci mai kusurwa takwas a kansa a ƙarni na 5. Shi ake kira gidan Bitrus. Cocin da ke tsaye bisa ginshiƙai a samansa na 1990 ne, ta gilashin da ke tsakiyarsa ake leƙa kufan. A tsaya a dubi ƙananan ɗakunan baƙin dutse masu tsakar gida ɗaya, da duwatsun niƙa, da wurin matse zaitun. Wanda ya tashi a gidan gandu a ƙauye zai gane tsarin nan da nan, zai kuma gane yadda mutum huɗu suka iya buɗe rufin itace da laka suka zura shanyayye.

Betsaida da gaɓar gabas

Bayan an haye Urdun a inda yake shiga tafkin, sai yankin Betsaida, garin Bitrus da Andarawas da Filibus. Wurare biyu ne ke takarar sunan. Ɗaya tudu ne da ake kira Et-Tel, ana tono a can tun 1987, amma yana da 'yar rata da ruwa. Ɗayan, El-Araj, yana bakin gaɓa, an fara tono a 2016, aka sami kufan gidajen zamanin Romawa da tsohon coci, a 2022 kuma aka ga rubutun Helenanci a daɓensa mai ambaton shugaban manzanni. Masana ba su gama muhawara ba. A fadamar da ke kewaye akwai wurin da ake kira Majrasa, inda iyalai ke tafiya a cikin rafi ƙarƙashin inuwar itatuwa, a kan Urdun kuma ana hayar ƙananan kwalekwalen roba.

Gaɓar gabas ba ta da cunkoso. A Kursi, masu aikin hanya ne suka tono wani babban gidan 'yan zuhudu na ƙarni na 5 a 1970, a wurin da ake dangantawa da labarin mai aljannu da garken aladu. Gaba kaɗan akwai Susita, ko Hippos, ɗaya daga biranen Dikafolis, bisa tudu mai tsayin mita 350 daga ruwa. Girgizar ƙasa ta 749 ta rushe shi, har yau ginshiƙansa suna kwance a jere yadda suka faɗi. A gindinsa akwai Ein Gev, ƙauyen da aka kafa a 1937, sananne da gidan cin kifi. Faɗuwar rana daga wannan gefe ta fi kyau, domin tana faɗawa bayan Arbel.

Ya kamata maziyarci ya san ƙasar da yake takawa. Tuddan Golan suna hannun Siriya har yaƙin 1967, lokacin da Isra'ila ta kama su. A 1981 ta shimfiɗa dokarta a kansu, Majalisar Ɗinkin Duniya ba ta amince ba, Amurka kuwa ta amince a 2019. Akwai filayen da har yanzu ke da nakiyoyi, an kewaye su da waya da allunan gargaɗi, kada kowa ya tsallaka domin hoto. Waɗanda ziyararsu ta bi ta ƙasar Jodan kuma suna iya hango tafkin daga Umm Kais, watau tsohuwar Gadara.

Inda Urdun ke fita

A kudu, inda kogin ke barin tafkin, akwai Deganiya, ƙauyen noman haɗin gwiwa na farko irin wanda ake kira kibbuz, an kafa shi a 1910. Kusa da shi ne Yardenit, inda ake sa fararen riguna a shiga ruwa. An buɗe wurin ne a 1981, domin a lokacin wurin da aka saba zuwa yana cikin yankin soja. Wurin da tun ƙarnukan farko ake ɗauka Yahaya ya yi baftisma yana can kusan kilomita 100 a kudu, daura da Yariko, gefen yamma ana kiransa Kasar al-Yahud, gefen Jodan kuma Al-Magtas. Yardenit wuri ne mai inuwa da tsabta, ruwan kuwa na Urdun ne, amma kada a dawo gida ana ba da shaidar abin da ba haka yake ba.

Hula da Baniyas, ga mai ƙarin yini

Kimanin kilomita 30 arewa da tafkin akwai kwarin Hula. Dā fadama ce da ƙaramin tafki, aka janye ruwanta tsakanin 1951 da 1958 domin noma. Daga baya ƙasar ta bushe tana cin wuta ta ƙarƙashi, dattin da fadamar ke tacewa kuma ya riƙa gangarowa cikin Tafkin Galili. A shekarun 1990 sai da aka mayar da ruwa a wani sashe. Yanzu wurin zangon tsuntsaye ne masu ƙaura tsakanin Turai da Afirka. Dubban wani dangin gauraka sukan yi hunturu a nan, waɗansu su wuce zuwa Habasha da Sudan, ga kuma kwasakwasa. A watan Disamba 2021 murar tsuntsaye ta kashe fiye da 5,000 daga cikinsu. Gaba da Hula, a gindin Dutsen Harmon, akwai Baniyas, watau Kaisariya Filibi ta Matiyu sura 16, inda ɗaya daga maɓuɓɓugan Urdun ke fitowa a gaban wani kogon da dā ake bautar gunki. Akwai hanyar ƙafa a bakin rafin zuwa inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 10.

Ruwan da mutane da yawa ke rabo

Tafkin ba na maziyarta kaɗai ba ne. Tun 1964 babban bututu ke ɗibar ruwansa zuwa biranen Isra'ila har hamadar Negeb, bisa yarjejeniyar zaman lafiya ta 1994 kuma ana ba ƙasar Jodan kaso. Hukuma tana da ma'auni: in ruwa ya kai mita 208.8 ƙasa da fuskar teku ya cika, sai a buɗe ƙofar madatsar Deganiya, in ya sauka ƙasa da mita 213 an shiga haɗari. A ƙarƙashin tafkin akwai maɓuɓɓugan gishiri, in ruwan daɗi ya ragu gishirin yakan ƙaru. A 2001 ya sauka zuwa mita 214.87. A 2018, bayan fari na shekara biyar, har tsibiri ya bayyana a kudancinsa, a 2020 kuwa ya kusa cika. A ƙarshen 2022 aka gwada wani sabon bututu mai kawo ruwan Bahar Rum da aka cire wa gishiri, ya zuba ta rafin Salmon kusa da Ginosar. Mu da muka ga yadda Tafkin Chadi ya janye tun daga shekarun 1960, muka ga abin da ya sami masunta da manoma, ba ma bukatar a yi mana dogon bayani. Abin da ke hannun baƙo kaɗan ne, amma nasa ne: kada ya bar leda ko gorar roba a gaɓa.

Mutanen wurin ma suna da tarihinsu. Larabawan Tibariya da na ƙauyen Majdal, wanda ya riƙe sunan Magadala ƙarni da ƙarni, sun rasa gidajensu a yaƙin 1948. Har yau akwai Kiristoci Larabawa a Nazarat, da Kana, da Ailabun, da Magar, suna zaune da maƙwabta Musulmi da Durus. Yaƙin da ya ɓarke a Oktoba 2023 ya sa an kwashe dubban mutane daga iyakar Lebanon, baƙi suka ɗauke ƙafa, direbobi da masu masauki da masu sayar da sassaƙan itacen zaitun suka shiga wuya. Wanda ya yi sujadar Lahadi da ikkilisiyar Larabawa, ya ji ana kiran Allah da sunan da mu ma muke kiransa, ya sami abin da ba ya cikin takardar tsarin tafiya.

Shawara ga masu shiri

Kafin a biya kuɗi, a nemi labarin halin tsaro daga hukumar ziyara, gama al'amuran yankin suna saurin juyawa. In da zaɓi, watannin Fabrairu zuwa Afrilu da Oktoba zuwa Nuwamba sun fi daɗi. A Yuli da Agusta zafi yakan kai digiri 40, ga gumi. A riƙe takalmin tafiya, da hula, da ruwan sha, da tufafin da suka rufe kafaɗa da gwiwa domin shiga coci. Daga yammacin Juma'a zuwa daren Asabar motocin haya na gwamnati da shaguna da yawa suna hutun Asabaci. Masu son iyo su tsaya inda akwai masu tsaron gaɓa, domin iskar la'asar takan ja mutum daga gefen yamma zuwa tsakiyar ruwa. Matasa masu ƙarfi su sani akwai hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 65 daga Nazarat zuwa Kafarnahum, da aka tsara a 2007, ana cin ta cikin kwana huɗu ta Kana da Hattin da Arbel.

Ga fastoci da shugabannin ayari kuma, tun kafin a tashi a zauna da masu shirya tafiya. In ya zama dole a rage wani abu, a rage tsayawa a shagunan tsaraba, a sa hawan Arbel da gangarowa daga Tudun Albarka. A karanta Markus sura 1 zuwa 8 tare da taswira tun a gida. Wanda ya kwana a Tibariya kuma ya tashi da asuba ya sauka bakin ruwa kafin a kira karin kumallo, ya ga rana tana fitowa ta bayan Golan. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma sai wanda ya tsaya ya duba. Ubangiji ya kai masu tafiya lafiya, ya dawo da su lafiya, ya kuma ba mazaunan bakin tafkin nan salama.